Inci 55 mai araha ko inci 43 na sanannen kamfani: wanne ya dace da falon gida?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a Argungu. Na yi tanadin kuɗi don in canza tsohon talabijin ɗinmu mai doro a baya, na zo Birnin Kebbi na zaga shaguna, sai na tarar da guda biyu da kuɗinsu ya yi kusa da juna. Ɗaya inci 55 ne, an rubuta 4K a jikin kwalinsa, amma ban taɓa jin sunan kamfanin ba. Ɗayan inci 43 ne na sanannen kamfani, mai shago ya ce Full HD ne. Daga kujerunmu zuwa bangon da zan kafa shi wajen mita 3 ne. Mun fi kallon tashoshin satalayit na kyauta da finafinan da ake tura mana a filashi, ƙwallo kuwa sai watan da na biya kuɗi. Da dare sola muke amfani da ita. Iyalina sun fi son babban, ni kuma hoton nake tsoro. Wanne ya kamata in ɗauka?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sa albarka a cikin tanadin da aka yi. Idan na fahimce ka daidai, kuɗin da ke hannunka ba za su sayi girman fuska da kyawun hoto a lokaci guda ba, don haka kana son sanin wanne za a riƙe, wanne za a haƙura da shi. Sana'ata gyaran talabijin ce da kafa satalayit a nan Birnin Kebbi, na kuma fara ta tun zamanin da sai mutum biyu sun kama akwatin kafin a ɗora shi kan tebur. Da wuya mako ya wuce ba a yi mini irin wannan tambaya ba, kuma galibin masu yin ta suna zaton amsar tana jikin kwali, alhali fiye da rabinta a gidansu take: nisan wurin zama, irin hoton da ake shigar wa talabijin ɗin, da ƙarfin wutar da za ta ɗauke shi. Ka sauƙaƙa mini aiki da ka faɗi waɗannan uku, domin a kansu zan gina amsar.

Abin da inci yake aunawa

Incin talabijin ba faɗinsa ba ne. A karkace ake auna shi, daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama, gilashin da ke nuna hoto kawai, ban da robar da ta kewaye shi. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma tunda talabijin na yanzu faɗinsa da tsayinsa suna tafiya ne kan ma'aunin 16 da 9, mai inci 43 faɗinsa wajen santimita 95 ne, tsayinsa 54, shi kuwa mai inci 55 faɗinsa 122, tsayinsa 68. Tazarar inci 12 a baki kamar ba wani abu ba ce, amma idan aka lissafa filin fuskar gaba ɗaya, mai 55 ya ninka mai 43 sau 1.6. Saboda haka iyalinka ba su yi kuskure ba da ransu ya biya ga babban, domin girma abu ne da ido yake gani tun daga bakin ƙofa. Ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta Amurka, SMPTE, tana da shawarar cewa fuska ta cika kimanin digiri 30 na abin da ido ke hange, wato mutum ya zauna a nisan da ya ninka incin sau 1.6. A wannan lissafin, wurin zaman mai 55 mita 2.2 ne, na mai 43 kuwa wajen mita 1.7. Ka ga ke nan daga mita 3 inci 55 bai yi maka yawa ba ko kaɗan. Na faɗi wannan tun da wuri don kada a ɗauka ina adawa da babban talabijin ne.

Ɗigon hoto da iyakar ido

Kowane hoto da ke fuskar talabijin ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera layi-layi, kamar yadda ake jera zare a saƙa. Yawan ɗigon shi ne abin da sunayen nan na jikin kwali suke nufi. Wanda aka rubuta wa HD kawai, irin akasarin masu inci 32, yana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, wato miliyan ɗaya da 'yan kai. Full HD yana da 1920 da 1080, miliyan biyu ke nan da ɗoriya. 4K kuwa 3840 ne da 2160, sama da miliyan takwas, ninki huɗu na Full HD.

Lissafin yana da daɗin ji, sai dai ido yana da iyaka. Lafiyayyen ido da ke nisan mita 3 ba ya iya raba ɗigo biyu da ke maƙwabtaka idan kowannensu bai kai kusan milimita 0.9 ba. To, ɗigon 4K a fuskar inci 55 milimita 0.3 ne, ɗigon Full HD a fuskar inci 43 kuma milimita 0.5. Dukansu sun yi ƙasa da abin da idonka zai tantance daga kujerar da ka ambata. Kafin mutum ya ci cikakkiyar moriyar 4K a inci 55, sai ya matso zuwa kusan mita ɗaya da 'yan kai, wanda kuwa babu magidancin da ke zama haka a falonsa sai dai yaron da ake kora baya kullum. Ma'ana, a gidanka rubutun 4K shi kaɗai ba dalili ba ne na fifita babban, rashinsa kuma ba aibi ba ne ga ƙaramin.

Akwai wani abu kuma da masu saye ba su cika sani ba. A yau kusan duk talabijin na gaskiya mai inci 50 zuwa sama da 4K yake fitowa, mai tsada da mai araha, saboda irin gilashin da masana'antu suke bugawa ke nan. Don haka kalmar ta daina rarrabe mai kyau da maras kyau. Abin da take gaya maka shi ne yawan ɗigon, ba ta ce komai a kan ko ɗigon suna da haske, ko launinsu daidai ne, ko baƙinsu baƙi ne ba.

Abin da ake shigar masa

A nan gizo yake saƙar, kuma a nan nake son ka fi tsayawa. Talabijin ba ya ƙirƙirar hoto, abin da aka ba shi yake nunawa. Da yawa daga cikin tashoshin kyauta da risiba ke kamawa har yanzu a tsohon ma'auni suke watsa shirye-shiryensu, mai ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, jimla 414,720. Idan ka shigar da wannan hoton cikin Full HD, dole kowane ɗigo ɗaya na asali ya cike gurbin ɗigo 5. Idan cikin 4K ka shigar da shi, gurbin ɗigo 20 zai cike. Sauran sha taran nan ba daga tasha suka zo ba, ƙwaƙwalwar talabijin ɗin ce take ƙiyasta su daga maƙwabtansu. Kamar kunu ne da aka yi don mutum biyu, baƙi suka zo aka ƙara masa ruwa: ya cika kwano, amma kaurin ya tafi.

Girman fuska yana ƙara tona wannan asiri. A inci 55, kowane ɗigo na tsohon ma'auni yana bajewa ya kai milimita 1.7, kusan ƙwayar gero, a inci 43 kuma milimita 1.3. Dukansu sun wuce iyakar 0.9 ɗin nan, wato idonka zai ga laushin hoton a kowanne, amma a babban zai fi ganinsa sosai. Ƙari a kan haka, tashoshin satalayit sukan matse hoto don su cusa tashoshi da yawa a hanya ɗaya, shi ya sa idan an nuna taron jama'a, ko ruwa mai motsi, ko ciyawar filin ƙwallo, sai ka ga hoton yana farfashewa zuwa 'yan murabba'ai. Finafinan filashi ma haka suke, sau da yawa ma sun fi muni, domin mai turawa ya riga ya rage nauyinsu don su shiga waya, fim guda bai wuce 'yan megabait ɗari biyu ko uku ba. Fim ɗin da ya yi kyau a fuskar waya mai inci 6, idan aka shimfiɗa shi a inci 55 sai fuskokin 'yan wasa su koma kamar an shafa musu man kaɗanya.

A daidai wannan gaɓar ce sanannen kamfani yake cin kuɗinsa. Aikin ƙiyasta ɗigon da suka ɓace, da share dusar hoto, da daidaita motsi, duk na ƙwaƙwalwar da ke kan allon cikin talabijin ne, kuma kamfanoni irin su Samsung, LG, Sony, Hisense da TCL sun daɗe suna zuba kuɗi a wannan fanni. Marasa suna kuwa akasari allo iri ɗaya ne na gama-gari ake saya a ɗaura wa kowane gilashi, na buɗe su da yawa na gani, sunan da ke goshi ya bambanta amma cikin ɗaya ne. Idan hoton da aka ba su mai kyau ne, sukan nuna shi ba laifi. Idan mai rauni ne, irin wanda ka ce kun fi kallo, a nan ake gane bambanci.

Hoton 4K na gaskiya kuwa a ina za ka same shi? Tashoshin HD na masu karɓar kuɗin wata, irin su DStv da StarTimes, iyakarsu layi 1080 ne, kuma sai da dikoda mai HD. Sauran hanyar ita ce intanet, ita kuwa tana da nata sharaɗin. Netflix, masu nuna finafinai ta intanet, da kansu suna cewa 4K yana buƙatar gudun megabit 15 a daƙiƙa, yana kuma iya cin data har gigabait 7 a awa ɗaya, alhali HD iyakarsa wajen gigabait 3. Wanda ke sayen data a waya ya san abin da gigabait 7 take nufi ga aljihu.

Bari in ƙara da wani abu da ke faruwa kullum. Wani bawan Allah ya taɓa kirana ransa a ɓace, ya sayi babban talabijin mai tsada amma hoton bai kai na tsohonsa ba, yana shirin mayarwa. Da na je sai na tarar an haɗa dikodarsa mai HD da tsohuwar wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Wannan waya ba ta iya ɗaukar hoton HD ko da tashar tana watsa shi, tsohon ma'auni kawai take wucewa da shi. Na cire ta na sa wayar HDMI, na shiga saitin dikodar na mayar da fitarta 1080, nan take maganar mayarwa ta mutu. Duk wanda ka saya a cikin biyun, wannan ita ce dubawar farko, kuma idan risibarka ba ta da ramin HDMI, canza ta zai ƙara maka kyawun hoto fiye da ƙarin inci goma.

Abin da ke sa hoto ya yi kyau

Har yanzu mutanenmu suna kiran duk talabijin maras doro filasma, alhali manyan kamfanoni sun daina ƙera filasma tun 2014. Abin da ke kasuwa yanzu, wanda ake kira LED, gilashin LCD ne da aka jera wa ƙananan fitilu a bayansa. Gilashin ba ya ba da haske da kansa, tare hasken fitilun yake yi ko ya bar shi ya wuce. Daga nan ne abubuwan da ido ya fi kula da su suke fitowa: yadda baƙi yake zama baƙi ƙirin maimakon toka-toka, yadda fari yake haske ba tare da ya wanke fuskar mutum ba, da yadda launin fata yake fitowa. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai, domin talabijin maras kyau yakan haɗiye baƙar fata a wuri mai duhu, ka ga riga da hula amma ba ka ga fuska ba, ko kuma ya mayar da mutum ja kamar manja.

Gilashin iri biyu ne suka fi yawa. Wanda ake kira VA baƙinsa ya fi zurfi, ya fi daɗin kallo da dare, amma idan ka koma gefe sai launin ya kwashe. Wanda ake kira IPS baƙinsa bai kai na wancan ba, amma launinsa yana nan daram ko daga ina ka kalle shi. Ga falonmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, saboda ba a jere muke zama muna fuskantar bango ba: maigida yana kan kujera, uwargida tana gefe, yara suna ƙasa kan tabarma ko kafet suna kallon sama. Idan gidanka mai jama'a ne, gilashin da ke riƙe launi daga gefe ya fi maka amfani. Ba lallai mai shago ya san wane iri ne ba, amma ba ka buƙatar ya gaya maka. Ka tsaya a gaba ka kalli fuskar mutum a hoton, sannan ka taka zuwa gefe, ka kuma durƙusa, idonka zai ba ka labari.

QLED shi ma LCD ne mai fitilun baya, an dai ƙara masa wani shimfiɗi da ke ƙara wa launi ƙarfi. OLED ne kawai ya fita daban, kowane ɗigo nasa yana ba da haskensa, sai dai kuɗinsa ya wuce maganar da muke yi. Rubutun HDR kuma, wato hoto mai ƙarin haske da zurfin baƙi, kada ya ɗauke maka hankali a wannan farashin, domin talabijin masu araha suna karɓar irin wannan hoton ne kawai, ba su da hasken da za su nuna shi yadda aka tsara.

Fitilun bayan nan su ne suka fi kawo talabijin shagona. Alamar ita ce a ji murya babu hoto, ko wani ɓangare ya yi duhu, ko fuskar ta koma shuɗiya. A manya marasa suna nakan tarar an rage yawan fitilun, an kuma matsa wa 'yan kaɗan ɗin da aka sa wuta fiye da ƙima don su haska babban fili. Ka haɗa wannan da zafin Kebbi na watan Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ramukan shan iska, sai ka ga fitilun sun ƙone da wuri. Canza su aiki ne mai yiwuwa, amma sai an ɗaga gilashin gaba ɗaya, kuma gilashin inci 55 siriri ne ƙwarai, kuskure kaɗan ya tsage. Idan kuwa gilashi ya tsage, kuɗin sabonsa yakan yi kusa da kuɗin talabijin ɗin. Na sanannen kamfani aƙalla ana samun kayan gyaransa da lambarsu daga Kano ko Legas, maras suna kuwa sai dai a yi ta gwaji da abin da ya yi kama.

Game da kwalin da aka rubuta wa 4K, na sha auna wanda aka ce inci 43 ne na samu 40, na kuma sha ganin mai tambarin 4K da gilashinsa 1366 da 768 ne. Abin mamaki, daga mita 3 wannan ƙaryar ba za ta cuci idonka sosai ba, bisa lissafin da muka yi a baya. Abin da ya sa nake ɗaukarta da muhimmanci shi ne, wanda ya yi ƙarya a abin da tef zai iya aunawa, ba a san abin da ya yi a fitilu da allon wuta da ba a gani ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Maganar sola

Girman fuska yana tafiya da cin wuta, domin fitilun baya su ne suka fi shan ta. A abin da na saba gani, mai inci 43 yakan ci wat 60 zuwa 80, mai inci 55 kuma daga wat 90 zuwa 130, ya danganta da kamfani da yadda aka saita haske. Ka duba takardar da ke manne a bayan kowanne, an rubuta. Mu ɗauki misalin batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin mai ruwa ko na jel. A takarda yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda, amma idan ana son ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa, saura 600 ke nan. Idan ka haɗa babban talabijin da risiba da abin da inbata ke ci, kana wajen wat 140, wato awa huɗu da 'yan mintuna. Da ƙaramin kana wajen wat 95, awa shida da ɗoriya. Wannan fa ba a sa fanka da ƙwan fitila a lissafi ba, kuma a daren bazara kowa ya san fanka ba ta da madadi. Awa biyun nan na tsakani su ne bambancin a kalli wasan dare har a tashi, da kuma inbata ta fara kuka ana tsakiyar zagaye na biyu.

Shawarata

A yanayin da ka bayyana, ni mai inci 43 na sanannen kamfani zan ɗauka, da sharaɗin ka tabbatar na gaskiya ne, domin sanannen suna ma ana manna shi a jikin jabu. Dalilina shi ne akasarin abin da kuke kallo hoto ne mai rauni wanda babbar fuska za ta ƙara fallasawa, 4K ɗin ba za ka gan shi daga kujerarka ba ko da na gaskiya ne, batirinka kuma zai fi jurewa. Rashin girman yana da magani na kyauta: ka matso da kujerun zuwa mita 2 ko 2.3. Inci 43 daga mita 2.3 yana cika ido daidai da yadda inci 55 yake cika shi daga mita 3, wannan lissafi ne, ba lallashi ba.

Idan kuma za ka iya haƙuri wata ɗaya ko biyu ka ƙara kuɗi, inci 50 na sanannen kamfani shi ne tsaka-tsakin da zai faranta wa iyali rai ba tare da an sadaukar da inganci ba. Da a ce biyun nan duka na kamfani ɗaya ne kuma aji ɗaya, sannan kana da dikoda mai HD da wadatacciyar wuta, da babban zan ce ka ɗauka ba tare da jinkiri ba, domin ban taɓa ganin wanda ya dawo yana kukan talabijin mai kyau ya yi masa girma ba. Haka nan mai gidan kallon ƙwallo, wanda bencinsa na baya yake mita shida ko bakwai daga bango, shi girma ne gaba da komai a wurinsa.

Ya kamata kuma ka san inda maganata take da rauni. Mai gyara kamar ma'aikacin asibiti ne, marasa lafiya kawai ake kawo masa, don haka maras sunan da ya shekara biyar lafiya a gidan wani ba zai taɓa zuwa teburina ba, kuma babu shakka akwai irinsu. Lissafin milimita da na kawo na lafiyayyen ido ne. Idan akwai dattijo a gidan da ganinsa ya ragu, ko ana yawan karanta rubutun da ke gudana a ƙasan labarai, girma yana ƙara daraja fiye da yadda na ba shi. Sannan talabijin biyun nan kai ka gan su, ni bayaninsu kawai na ji, gani kuwa ya kori ji.

Saboda haka ranar da za ka koma, ka tafi da tef ɗin awo irin na tela, da filashin da kuke kallo da shi a gida. Shaguna sukan kunna wani hoto na musamman mai furanni da tsuntsaye, a saitin da ya ƙure haske da launi, wanda kowane talabijin yake yin kyau a cikinsa. Ka roƙi mai shago ya cire wannan ya sa naka fim ɗin a duka biyun, ya mayar da saitin hoto na daidai, ka ja da baya mita 3 ka kalla, musamman wurin da aka ɗauka da dare. Ka auna gilashin daga kusurwa zuwa kusurwa, mai 43 ya ba ka santimita 109, mai 55 ya ba ka 140 ko abin da ya yi kusa da haka ƙwarai. Ka gwada lambar da ke bayan talabijin da wadda ke jikin kwali da wadda ke cikin saitinsa, su zo ɗaya, a kuma rubuta ta a rasit tare da tsawon garanti. Idan na hannu ne aka nuna maka, irin waɗanda ake kira 'yan Kwatano, ka duba ko an rubuta yana karɓar bolt 220 zuwa 240, domin wanda aka yi don Amurka na bolt 120 ne, wasunsu kuma ba sa ɗaukar wutarmu.

Idan an kawo shi gida, kada a kafa shi can kusa da silin kamar agogo. Tsakiyar fuskar ta yi daidai da idon wanda ke zaune, kada kuma ta fuskanci taga, a bar masa tazara tsakaninsa da bango don iska. Ka shiga saiti ka rage hasken fitilun baya zuwa wajen rabi ko sama da haka kaɗan, wanda zai rage cin batir ya kuma tsawaita ran fitilun. Ka ware wani abu daga cikin kuɗin don sitabilaiza saboda lokacin da ake kan wutar gari ko janareta. Da damina kuma, idan hadari ya haɗo, a zare filogi a kuma kwance wayar da ta sauko daga kwanon satalayit, domin ta wannan wayar tsawa take bi ta ƙona risiba, ta wuce ta HDMI ta cinye allon talabijin.